Gizago da Zarto a Ƙasar Zazzau

A ɗakin kakata akwai wata kujerar tsugunno, baƙa wuluk don hayaƙi da shafar hannu, wadda aka kai ta gidan miji da ita. Babu ƙusa a jikinta, babu gam, babu inda wani itace ya haɗu da wani. Gungume guda masassaƙi ya sa a gaba, ya yi ta sara yana rarakewa har ƙafafu suka fito daga jikin mazauni. Idan ka kifa ta za ka ga sawun gizago reras, kowane sara daidai faɗin ɗan'uwansa. Muna yara mun hau ta, mun ja ta a tsakar gida da sunan mota, mun taka ta mun ɗauko abin da aka ɓoye mana a kan rataya, ba ta taɓa ko girgiɗi ba.

Haka aikin itace yake a ƙasar Zazzau kafin jirgin ƙasa ya iso. Sunan sana'ar sassaƙa, gadonta ake yi, kuma kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: gatari na kayar da itace, gizago na fere shi, kurfi na rarake ciki, sai wuƙa ta gyaran fuska. Dukansu maƙerin gari ke ƙerawa. Ilimin yana wajen sanin itacen kansa. Ƙirya ta turmi ce da taɓarya saboda taurinta, aduwa ta allon makaranta ce, marke na ƙotar fartanya, ɗanya da maje kuwa ba su da gardama wajen rarakewa, sai a kai su ga akushi da makamantansa. Sau da yawa a dawa ake rabin aikin, nan inda itacen ya faɗi, don gungumen da aka rage masa ciki ya fi sauƙin ɗauka. Gidan Bahaushe na lokacin ma bai nemi fiye da haka ba. Tabarma da buzu sun isa zama, gadon kara ko na ƙasa ya isa kwana, tufafi suna cikin adudu.

Aikin itacen da ya fi kowanne girma a wancan zamani a ɓoye yake cikin yaɓe. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), mai kallo zai ce ƙasa ce zalla, alhali ƙashin bayansa azara ce. Azara tsagin giginya ce, gara ba ta cin ta, sai dai ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta kai mita 2 ko ta ɗara. Abin da magina suka yi shi ne su kafa azara a jikin bango, su ɗaura wata a kanta da igiya ta ɗan zarce ta tana sunkuyowa, su yaɓe, su bari ya bushe, su sake ɗaura wata, daga nan da can, har hannuwan biyu su gamu a sama su zama bakan gizo. Da gajerun itatuwa aka rufe zauren da ke cin sahu-sahu. Masu haɗa sirdi ma sun san irin wannan dabara: gutsattsarin itace ake haɗawa a lulluɓe da ɗanyar fata, idan ta bushe ta tsuke sai ta riƙe su gam.

Wannan matsala ta gajeren itace mai karkace ba mu kaɗai muka sha fama da ita ba. Mutanen tsohuwar Masar sun rayu da ita shekaru dubbai, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne itatuwan da suke da su a bakin Kogin Nilu namu ne na bayan gari: bagaruwa, ɓaure, kurna, goriba, dabino. Duk wanda ya taɓa neman miƙaƙƙen falanki a jikin bagaruwa ya san wahalar da ake nufi. Ba na cikin masu neman jingina kowace sana'ar Bahaushe da Masar. Itace iri ɗaya ne ya sa wa mutane biyu tambaya iri ɗaya, kowa ya ba da amsarsa, kuma amsar Masar ta cancanci a tsaya a kanta.

Misirawa suna da zarto. Na jan ƙarfe ne, daga baya na tagulla, kuma wajen jawowa yake yanka, ba wajen turawa ba, domin jan ƙarfe yana da taushi, idan aka tura shi da ƙarfi lanƙwashewa zai yi. Sukan kafa turke a ƙasa, su ɗaure gungume a tsaye a jikinsa, su yanko daga sama zuwa ƙasa, suna buɗa tsagin don kada ya kama bakin zarton. A shekarar 1920 an tono kabarin wani babban bafade mai suna Meketre a yammacin Luksor, wanda ya rayu wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka samu ɗan ƙaramin kwaikwayon shagon aikin katako da aka sassaƙa da mutanensa. Yana gidan tarihi na Alƙahira. Ga mai zarto a tsakiya da gungumensa a ɗaure, ga masu gizago a gefe, ga wani ya sa kurfi yana buga masa guduma yana fafe rami, ga masu goge katako da dutse, ga wasu a bakin wuta suna gyaran bakin ƙarafa, har da akwatin ajiye kayan aiki. Ba su da ƙarfen nan da kafinta ke turawa yana shafe fuskar katako. Gizago ne ke wannan aiki, sannan a bi da dutsen yashi. Huda kuwa da baka suke yi, a naɗa tsirkiya a jikin mahudi a yi ta kai da komo. Da za a ajiye masassaƙin da ya yi kujerar kakata a wannan shago, rabin kayan zai ɗauka ya ci gaba da aiki ba tare da an nuna masa ba.

Wanda ya yanka itace falanki-falanki dole ya koyi mayar da shi abu guda, kuma a nan Misirawa suka yi zarra. Sukan fafe rami a wannan katako, su fitar da harshe a wancan, su zura, sannan su huda su soka turken itace ya kulle su. A kusurwar akwati sukan yanka haƙora masu faɗin baki da ke shiga juna kamar an sarƙe yatsun hannu biyu, yadda ko an ja ba za su zare ba. Inda falanki ya karkace ba sa jefar da shi, sai su nemo wani mai irin karkatarsa su fere su har su kwanta da juna. Inda ya yi ido ko rami su yi masa maho. Tun da fari da igiyar fata suke ɗaure mahaɗa, irin ta masu sirdi, kafin gam na fata da ƙashi ya yaɗu. A ƙarƙashin dalar Sarki Zosa da ke Saƙƙara, wadda aka gina wajen 2650 kafin haihuwar Annabi Isa, an samu ragowar akwatin gawa da aka yi da siraran katako hawa shida, kowane hawa jijiyarsa ta gitta ta na ƙasansa. Dabarar filawud ke nan, shekara fiye da 4,500 da suka wuce.

Itacen kirki kuwa sayo shi suke yi. Rubutun Dutsen Palermo ya ambaci jirage 40 da suka iso da katako a zamanin Sarki Sinefru, kuma daga duwatsun Lubnan suke samun itacen al'ul mai tsawo da ƙamshi. Baƙin itace mai nauyi daga kudu yake zuwa musu. Tsadarsa ta sa suke yanka shi fale-fale su manna a kan itacen gida, su yi masa ado da hauren giwa.

A 1925 ma'aikatan mai binciken kayan tarihi George Reisner suka faɗa kan wani rami mai zurfi kusa da babbar dalar Giza, cike da kayan ɗakin Hetefheres, matar Sinefru kuma uwar Sarki Kufu. Yawancin itacen ya riga ya ruɓe, zinariyar da aka lulluɓe shi da ita ce ta riƙe siffarsa, da ita aka bi aka sake haɗa kayan. Akwai kujera mai hannu, akwai kujerar da ake ɗaukar ta a kai, akwai gado mai ƙafafun zaki da ya ɗan gangara wajen ƙafa. Sannan akwai rumfar gado, wadda aka yi wa mahaɗanta sutura da jan ƙarfe don a riƙa kwance ta ana sake ɗaurawa ba tare da harsunan sun cinye ba. Duk wanda ya tashi a gidan da uwa ke da gado mai rumfa, ya ga yadda ake kwance shi ranar tashi, zai gane abin da maƙerin wannan rumfa yake tunani. Kayan Misirawa sun kai gare mu ne saboda an rufe su a busasshen dutse. Namu, a ƙasar da ruwan damina ke kaiwa kusan milimita 1,000 a shekara kuma gara ba ta barci, turmi kan yi zamaninsa ya koma murhu.

Zarton yanka falanki da sana'ar da ke biye da shi ta layin dogo suka shigo mana sosai. Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902, kuma zuwa 1911 dogo ya ratsa ta ya kai Kano. A gefen tasha, nesa da ganuwa, aka yanka filin da ya zama Sabon Gari, aka zaunar da ma'aikatan jirgi da akawuna da masu sana'a: Yarbawa, Ibo, Nufawa, mutanen Saliyo da Gwalkwas, da Hausawan da suka biyo aiki. Kamfanoni irin su John Holt da Paterson Zochonis suka buɗe kantuna, har yau unguwar PZ tana ɗauke da sunan. Daga Zariya aka ja ƙaramin layin da ya hau tsaunin Jos a 1914, aka kuma ja na Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai garin ya zama mahaɗa. Tasha tana son benci, ofis yana son tebur, kanti yana son kanta, rufin kwano yana son katakon da za a buga shi a kai. Taragon da ya sauka Ikko da auduga da gyaɗa ya dawo da abin da dajinmu bai taɓa bayarwa ba, wato doguwar loko da sauran itatuwan kurmi, an yanka su a miƙe.

Harshenmu ya riƙe tarihin. Masassaƙi, gizago, akushi, turmi, duk na gida ne. Kafinta, tebur, benci, kabad, durowa, samfefa, duk baƙi ne da suka sauka tare. Sana'o'in biyu ba su haɗe ba. Masassaƙi ya ci gaba da turminsa a kasuwannin ƙauye, ɗansa ya gaje shi, kafinta kuma ya kafa bencinsa a Sabon Gari yana ɗaukar yaran da ba nasa ba, su yi shekaru suna koyo kafin ya sallame su. Tun 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya sa aikin kafinta cikin abin da ake koyarwa a makarantarsa ta Nasarawa a Kano, amma an daɗe kafin 'yan birni su ɗauki zarto a matsayin abin da ɗan mutunci zai ci abinci da shi.

Samaru ta zo daga baya. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a can, shekarar da Howard Carter ya buɗe kabarin Sarki Tutankamun a Masar, daga baya duniya ta ga karagarsa ta zinariya da gadonsa na tafiya mai naɗewa gida uku. Ƙauyen ya tashi ne da leburori da ma'aikatan gona. A shekarun 1950 aka kawo Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, daga nan buƙatar katako ta tashi ba ƙaƙƙautawa: gadajen ɗakunan ɗalibai, teburan ɗakin gwaji, kantocin littattafai, kujerun gidajen malamai. A ganina wannan ne lokacin da aikin kafinta ya fi inganci a Zariya. Kujerun zamanin nauyi gare su, na jan katako busasshe, rami da harshe ne mahaɗinsu, kuma wasu suna nan ana zama a kansu. Cikin ɗaliban zane da suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin a 1958, tare da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, akwai Demas Nwoko, wanda daga baya ya shahara da gine-gine da kujeru da ƙofofin da yake yi da itacen ƙasar nan, har aka karrama shi a Venis a 2023.

Shekarar 1966 ta yanke wannan zare. Tarzomar watan Mayu da kashe-kashen Satumba da Oktoba sun ci rayukan mutane da yawa a garuruwan Arewa, Zariya na ciki, kuma Ibo suka kwashe suka nufi gida. Cikin waɗanda suka tafi, da waɗanda ba su samu tafiya ba, akwai kafintoci da makanikai da magina da suka shekara talatin a Sabon Gari. Shaguna suka zauna a rufe. Yaran da ke riƙe wa maigida bakin katako suka wayi gari su ne masu benci, wasu sun gama koyo, wasu da saura. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da dama sun dawo, amma zuwa lokacin sana'ar ta riga ta shiga hannun Hausawa, ta fita daga Sabon Gari ta bazu Tudun Wada da cikin birni da bakin titin Sakkwato a Samaru.

Sai kuɗin mai suka zo, aka biya ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji a 1975. Babbar kasuwar kafinta ta tashi daga ofis ta koma ɗakin amarya. Uban da a da zai sai wa 'yarsa gadon ƙarfe da tabarmi, yanzu sai ya yi gadon katako mai madubi, da kujerun kushin, da kabad mai gilashi na jeren kwalla da tangaran. Filawud daga masana'antar Sapele da fomeka mai walƙiya suka sauƙaƙa aikin, suka kuma koya wa ido duban fuska kawai. Kujerar kushin kuwa komai nata a rufe yake da soso da yadi. Misirawa ma sun rufe itacen gida da mai tsada, sai dai abin da ke ƙarƙashin rufin nasu haɗaɗɗe ne da zai tsaya ko ba rufin.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, mai saye ya fara neman araha ido rufe, kafinta kuma ya ba shi abin da kuɗinsa ya saya. Ƙusa ta maye gurbin rami da harshe, domin mahaɗin da zai ci rabin yini da kurfi, guduma za ta gama shi kafin a sha ruwa. Ɗanyen katako ya maye gurbin busasshe, domin ba mai jarin da zai jingine falanki shekara guda yana jira. Daga baya matsattsen garin katako da ake kira MDF ya shigo, mai santsi kamar tangaran, wanda idan ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi. Na ga wannan a gidanmu. Kujerun da aka yi wa ƙanwata na aure, da kuɗin da mahaifinmu ya shekara biyu yana tarawa, hunturu biyu suka gani. Da aka yaye yadin sai ga katako mai ɓawo a jikinsa, ya bushe ya tsage daidai inda kowace ƙusa ta shiga. Abin ya yi mini ciwo, har yau kuma yana yi, saboda na san yadda aka tara kuɗin.

Ba na ɗora wa kafinta laifin duka, domin itacen ma ya yi nisa. Wanda ya shiga wajen 'yan katako a Sabon Gari yau zai ga malaina da darbejiya da turare sun cika rumfuna, itatuwan da kakanninsu baƙi ne a ƙasar nan. Tashar binciken dazuzzukan savana da aka kafa a Samaru a shekarun 1960 ta yi aiki a kan irin waɗannan itatuwa masu saurin girma, kuma ba don su ba da yanzu rufin gida ya gagari talaka. Amma maɗaci da kawo na kirki sai an tona. Madobiya, mai jan ciki da ƙamshi, ta sha sara a shekarun 2010, aka yi ta lodinta daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido daga farkon 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A 2022 maɗaci da kawo suka bi ta cikin jerin. Gungumen da ya kamata ya zama ƙofa a Zariya yana can ya zama kujera a wata nahiya.

Bara na ɗauki wata tsohuwar kujerar karatu da na gada, irin ta zamanin farkon jami'a, wadda ƙafarta ɗaya ta fara rawa, na kai wa wani dattijon kafinta a Samaru. Yaronsa ya miƙo guduma da ƙusa 'yar inci uku. Dattijon bai ce masa komai ba, ya dai ture hannunsa. Ya kifa kujerar a kan benci, ya sa ɗan ƙarfe ya fitar da tsohon turken, ya bubbuga a hankali har harshen ya zaro daga raminsa, ya kankare busasshen gam da bakin kurfi. Harshen ya ɗan rame, sai ya fere wani siririn ɓallin jan katako, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, sau huɗu ina ƙirgawa.

Na ce, "Baba, yau zan samu kuwa?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Sai ta kwana biyu a ɗaure. Ka dawo bayan Juma'a."

Ya shafa gam, ya mayar da harshen, ya soka sabon turke, sannan ya naɗe ƙafafun da tsohuwar robar tayar keke ya ja har ta yi ƙara. Yaron yana tsaye yana kallo, ƙusar tana hannunsa. Dattijon ya miƙa masa kurfin da wani guntun katako, ya zana masa layi biyu da fensir, ya nuna masa gefen benci.